Sunaye Biyu a Takardun Edna

Duk wanda ya zauna a unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta Kafanchan a shekarun casa'in ya san Malama Edna. Doguwa ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Tana koyar da 'yan aji uku a firamaren cocinsu, amma da yake ba ta da takardar malanta, malamar wucin gadi ake kiranta. Shekara tara ta yi tana wannan wucin gadin.

Mahaifinta, Gershon Kambai, mutumin Bajju ne daga wani ƙauye kusa da Zonkwa. Makanikin injin jirgi ne, mutum mai ƙarancin magana da yawan riƙo. Matarsa ta rasu Edna tana aji biyu na sakandare. Shekara na zagayowa, a watan Maris na 1987, rikici ya tashi a garin, aka rufe makarantu, kowa ya shiga neman inda zai kai 'ya'yansa. Gershon yana fita da jirgi ya yi kwana uku bai dawo ba, ga budurwa ita kaɗai a gida. Sai ya ɗauke ta ya kai wa ƙanensa Zamani, malamin gona a Kauru, ya ce ta ƙarasa karatunta a can.

Ta ƙarasa kuwa, ta kuma ci jarrabawa da kyau. Ranar da ta kawo sakamakon gida ta durƙusa ta miƙa wa uban, ya sa tabarau, ya duba saman takardar, sai ya tsaya. Ba Edna Gershon aka rubuta ba. Edna Zamani aka rubuta.

"Wane ne wannan?" ya tambaye ta.

"Ni ce, Baba. Baba ƙarami ne ya rubuta haka ranar da ya kai ni makaranta."

Gershon ya ninke takardar ya mayar mata. "To, ki kai wa ubanki ya gani."

Daga ranar bai sake taka Kauru ba, in sun haɗu da ƙanen a wurin biki ko jana'iza a ƙauye kowa gefensa yake zama. Edna kuma bai kore ta ba, bai zage ta ba, ita ke masa tuwo, ita ke wanke masa kayan aiki masu baƙin mai. Maganar makaranta ce kawai in ta ɗauko sai ya tashi ya fita.

Ita kuwa makarantar take so. Sau biyar tana zama jarrabawar shiga jami'a. Sau biyu makinta ya kai, ta je ta tsaya gaban allon da ake liƙa sunaye, ta bi shi da yatsa daga sama har ƙasa, ta sake bi, babu. Wata shekarar jami'o'in ma a rufe suke saboda yajin aiki. Ƙawayenta suka yi aure, wasu suka tafi Kaduna da Jos. Wani mawaƙin cocinsu ya nemi aurenta, ta ce ya jira ta shiga jami'a tukuna. Ya jira shekara biyu, ya auri wata.

Abin da ya fi ƙona mata rai ya faru ne a farkon 1999. Maƙwabcinsu na bayan layi, Alhaji Musbahu, ɗan kasuwar citta ne, kakanninsa ma a Kafanchan aka haife su, kuma tun suna samari suke abota da Gershon. 'Yarsa Khadijatu ta zo gidan da yamma da kwanon cincin, ta ce ta zo sallama, ta sami jami'a a Zariya. Wannan Khadijatun, Edna ce ta koya mata haɗa baƙi a aji uku. Edna ta rungume ta, ta yi mata addu'a, ta raka ta har bakin layi. Da ta dawo ta shiga madafa ta rufe ƙofa, ta zauna a kan turmi ta yi kuka har wake ya ƙone a wuta.

A tsakiyar shekarar ne aka ji a rediyo gwamnati ta ba da izinin buɗe jami'o'i masu zaman kansu. Wata Lahadi bayan sujada Rabaran Jonathan ya kira ta ofis, ya nuna mata wata takarda da aka aiko wa ikilisiya. Wata jami'ar coci ce a can kudu take neman ɗaliban farko. Za su yi tasu jarrabawar, kuma ba su ce komai game da shekarun mutum ba.

"Malama Edna, shekarunki nawa yanzu?"

"Ashirin da takwas, Rabaran."

"In kin bar wannan ya wuce, ban san wanne za ki jira ba. Zan rubuta miki wasiƙar shaida. Amma da kanki za ki kai takardun, sun ce ba sa karɓa ta gidan waya."

Ta tattara abin da aka lissafa: sakamakon sakandare, takardar haihuwa, katin baftisma, takardar ƙaramar hukuma, wasiƙar Rabaran, hotuna huɗu. Ta san sunan da ke kan ɗaya ya saɓa wa na sauran. Ta gani, ta kawar da kai, ta ce wa ranta ai mutanen coci ne, in ta yi musu bayani za su gane. Uban kuwa ce masa ta yi za ta taron malamai.

Alhaji Musbahu ne ya sama mata wuri a gaban motarsa mai kai busasshiyar citta kudu, tare da wata ƙanwarsa mai sarin goro. Kwana biyu suka yi a hanya, ƙamshin citta ya kama mata kaya har gashin kai. Ranar Talata da hantsi ta isa jami'ar, ana ta fenti, ana dasa furanni. Ta bi layi tsakanin yara 'yan shekara sha bakwai da iyayensu masu motoci, har ta kai gaban teburin wata mata mai furfura, an rubuta Madam Paulina a jikin katakon da ke gabanta.

Matar ta baje takardun, ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ware guda gefe. Da Turanci ta yi magana, a hankali.

"Takardun mutum biyu kika kawo mini. Wace ce ke a ciki?"

Edna ta fara bayani, rikici, Kauru, ƙanen uba. Matar ta saurara har ƙarshe.

"Na yarda da ke, 'yata. Amma takarda ba ta jin labari. Ki kawo takardar rantsuwa daga kotu, mahaifinki ya rantse cewa Edna Gershon da Edna Zamani mutum ɗaya ce, shi ma mai sunan ya sa hannu. Juma'ar mako mai zuwa da ƙarfe huɗu muke rufewa."

Edna ta fito ta tsaya a rana, takardun a ƙirjinta. Kwana goma. Biyu na komawa, biyu na dawowa, shida kuma na haɗa mutum biyu da suka yi shekara goma ba su gaisa ba.

Ranar Alhamis ta iso gida. Gershon ya yi ritaya a lokacin, gwiwa ta matsa masa, yana zaune a ƙarƙashin mangwaro yana gyara wa wani rediyo. Ta durƙusa a gabansa da ƙurar hanya a jikinta, ta faɗa masa gaskiyar inda ta je da abin da aka ce.

Bai ɗago ba. "Taron malamai ya yi nisa."

"Ka gafarce ni, Baba."

"Ni in je kotu, in ɗaga Littafi Mai Tsarki, in kira ki da sunan wani? A gaban mutane?"

"Baba, minti biyar ne."

"Wanda ya sa sunan ya je ya cire."

Ta sake gwadawa da safe, ya ce shayinsa ya huce. Ta je ta kira Rabaran, Gershon ya karɓe shi da ladabi, ya ba shi kujera, ya saurari aya uku, ya ce zai yi addu'a a kai. Juma'a ta wuce haka. Edna ta kasa cin abinci. Ta tsaya a aji da alli a hannu ta manta abin da za ta rubuta, yara suna kallonta.

Ranar Asabar ta yanke shawarar fara ɗauko Baba ƙarami daga Kauru, ko da uban bai yarda ba. Watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗaukewa. Ƙaramar bas ta sauke su a inda kwalta ta ƙare, ta hau acaɓa. A wani rafi ruwa ya haura kwalbati, mutane sun taru a gaɓa suna jiran ya janye. Ta jira awa ɗaya, ta ga bai da niyya. Ta naɗe zaninta, ta ɗora jakar takardu a ka, ta riƙe hannun wata mata Bafulatana mai dawowa daga tallan nono, suka shiga. Ruwan ya kai mata ƙugu, yana jan ƙafafunta, takalminta ɗaya ya tafi. Da ƙafa ɗaya a takalmi ta shiga Kauru.

Zamani ya tsufa fiye da yayansa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, sai da ta yi magana ya gane ta. Da ya ji abin da ya kawo ta ya daɗe yana murza hularsa.

"Edna, ban yi don in ƙwace ki ba. Ranar da na kai ki shugaban makaranta ya ce aji ya cika, sai 'ya'yan ma'aikatan da ke garin. Ya tambaye ni, 'yarka ce? Na ce tawa ce. Ya miƙo mini biro. Na ce zan gaya wa Yaya in mun haɗu, kunya ta hana, har ya gani da idonsa."

"Me ya sa ba ka gaya masa haka ba daga baya?"

"Ya taɓa bari na buɗe baki?"

Matarsa ta ce ba inda zai je da wannan idon a cikin wannan ruwan. Zamani ya ce ta ɗauko masa rigarsa ta coci. Ranar Lahadi da la'asar suka iso Kafanchan, Edna na riƙe da hannunsa. Ba ta kai shi gidansu ba, gidan Alhaji Musbahu ta kai shi, aka shimfiɗa masa a ɗakin baƙi.

Alhaji ya ji labarin duka, ya sa takalmi ya zagaya gidan abokinsa. Edna ta laɓe a bayan katanga tana ji.

"Injiniya, ƙanenka yana gidana."

"Gidanka ne, Alhaji. Ka sauki wanda ka so."

"Da ido ɗaya ya zo. Yarinyar nan kuma rafi ta tsallaka da ƙafa ta ɗauko shi, ka duba sawunta ka gani. Shekara goma kana fushi da Zamani, amma ban ga abin da ya ragu a jikin Zamani ba. Ita ce take tsufa a gabanka."

Alhaji ya juya zai tafi.

"Ni dai gobe ƙarfe tara zan kai baƙona kotu. In ka zo, to. In ba ka zo ba, ni zan tsaya in gaya wa magatakarda uban yarinyar yana da rai, ƙafarsa ce ba ta kai nan da kotu ba."

Litinin ƙarfe tara suna kan benci a barandar kotun majistare, Edna da Zamani da Alhaji. Mai buga tafireta ya riga ya buga takardar. Tara da rabi, goma, sha ɗaya. Magatakarda ya leƙo ya ce in sha biyu ta yi zai shiga zaman kotu, sai kuma gobe. Edna ta fita bakin titi ta dawo ya fi sau goma. Tana tsaye a can ne ta hango shi, yana tafe da sanda, sanye da tsohon kot ɗinsa na aikin jirgi, ya ƙi hawa acaɓa.

Bai kalli ƙanensa ba. Suka shiga, magatakarda ya miƙa masa Littafi Mai Tsarki, ya karanta takardar da Turanci, ya juya ta da Hausa.

"Baba, ka rantse wannan da ake kira Edna Zamani ita ce 'yarka Edna Gershon?"

Gershon ya riƙe littafin. Magatakarda ya dubi agogo.

"'Yata ne," ya ce da irin Hausarsa ta mutanen Bajju. "Ni na haife shi. Wancan ya sa shi a makaranta. Rubuta."

Ya sa hannu. Aka kama yatsan Zamani aka nuna masa layin, shi ma ya sa. Hatimi ya sauka. A waje Zamani ya ce, "Yaya, ina gwiwa?" Gershon ya ce, "Da sauƙi. Ka je asibiti a duba wannan idon." Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Da azahar Alhaji ya sa aka mayar da Zamani tasha.

Edna ta ɗauka wahala ta ƙare. Ashe motar Alhaji tana layin man dizal tun ranar Asabar, ba a san ranar da za ta samu ba. Garin duka babu mai. Ta kwashe Talata a tasha, motar da za ta kudu kai tsaye ba ta tashi ba. Ranar Laraba ta ce ko a guntu-guntu ne za ta tafi. Ta shiga ta Keffi, daga nan ta Abuja, ta kwana a gidan wata 'yar cocinsu. Ranar Alhamis bas ɗin da ta shiga ta lalace bayan Lokoja, direba ya tafi neman wani ƙarfe bai dawo ba sai da rana ta faɗi. Fasinjoji suna zagi, ita ko zagin ba ta da ƙarfinsa. Tana zaune a gefen titi, jakar a cinyarta, abu ɗaya take maimaitawa: Yesu, kada ka bar ni a nan.

Ƙarfe biyar saura na ranar Juma'a ta sauka a ƙofar jami'ar. Ta yi gudu, mace mai shekara ashirin da takwas, ɗankwali a hannu. Barandar babu kowa, an kwashe bencina, ƙofar ofis a rufe. Ta ƙwanƙwasa, shiru. Mai gadi ya zo ya ce an tashi, ta dawo baɗi. Ta zauna a kan matakala ta ce ba inda za ta. Ya yi lallashi, ya yi barazana, ta ce ya kira duk wanda zai kira.

Hayaniyar ce ta fito da Madam Paulina daga wata ƙofa ta baya, jaka a kafaɗa, makullai a hannu. Edna ta zube a gabanta a kan gwiwoyi, ta ɗaga takardar kotun sama da hannu biyu. Turancin da ta shirya a hanya duk ya gudu. Da Hausa ta yi magana, harshen da matar ba ta ji.

"Mama, ki taimake ni. Na kawo. Dukansu sun sa hannu."

Matar ta dube ta, ta dubi ƙafafunta da suka kumbura, ta karɓi takardar ta karanta a tsaye.

"Ke ce mai uba biyu," ta ce. Ta juya makullan a hannunta. "Ban ɗaure fayil ɗin yau ba tukuna. Tashi, kada ki sa ni kuka a gaban mai gadi."

A watan Satumba Edna ta sake komawa ta zauna jarrabawar, ita ce babba a ɗakin, har wani yaro ya ɗauka mai sa ido ce ya tambaye ta inda zai zauna. Bayan mako uku wasiƙa ta zo ta akwatin gidan waya na coci. An ɗauke ta, za ta karanta Turanci. Murnar ba ta kai awa ɗaya ba, domin a bayan wasiƙar akwai takardar kuɗin makaranta. Rabaran Jonathan ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa, ya ajiye.

Mako biyu Edna tana yawo da wasiƙar. Ta je sakatariyar ƙaramar hukuma neman tallafi, aka ce ba a saba ba wa ɗaliban irin wannan jami'ar ba, sabon abu ne. Ta rubuta wa jami'ar tana roƙo, suka amsa cewa za su iya ba ta aiki a ɗakin girkin ɗalibai, a rage mata wani abu. Ko da hakan, abin da ya saura ya fi ƙarfinta nesa. Ta fara gaya wa mutane ta haƙura.

Wata safiya Gershon ya tafi ƙauye bai gaya wa kowa ba. Kwana uku ya yi. Da ya dawo ya kira ta ƙarƙashin mangwaro ya ce ya sayar da gonarsa ta bakin rafi, wadda ya ce a can zai koma ya ƙarasa kwanakinsa.

"Baba, ina za ka zauna in an karɓe gidan ma'aikata?"

"Wannan ba tambayar jarrabawa ba ne. Kuɗin shekara ɗaya ne kawai ya samu. Na biyu ban sani ba."

Zumuntar mata ta coci suka haɗa mata bokiti, bargo, garin acca da man gyaɗa. Alhaji Musbahu ya sa aka ɗora akwatinta a kan buhunan citta. Ranar tafiya 'yan aji uku suka biyo ta har bakin titi, wasu na kuka, wasu na tambaya ko za ta dawo ranar Litinin.

Haka Edna ta zama ɗalibar shekarar farko a ƙarshen 1999. Tana tashi da asuba ta fere doya tare da masu girki, ta wanke hannu ta ruga aji. Ɗalibai suka sa mata suna Anti Hausa. Ta gaya musu ita Bajju ce, ta sake gaya musu, ta gaji ta bari. Gwajin farko da aka yi musu ta sami tara cikin ashirin, ta shiga bayan ɗakin girki ta yi kuka, sannan ta je ta sami malamin ta ce ya nuna mata inda ta kauce, layi bayan layi.

Ba ta zo gida Kirsimeti ba, hanya ta yi tsada. Ta zauna ita da ɗalibai uku da masu gadi, ta dafa musu pate da ganyen da ta samo a kasuwar garin. A wasiƙar da ta aika gida ta ce tana lafiya, abinci akwai barkono da yawa, gwaji na biyu ta sami sha huɗu. Maganar shekara ta biyu ba ta sa ta a wasiƙar ba, domin har lokacin ba ta san daga inda za ta fito ba.